Yadda za ku raya ƙaramin filin unguwa a Nima

Kafin ku sayi shebur ko ɗaya, ku san mai filin. A Nima, unguwar nan ta birnin Accra a Ghana, ko juji yana da mai shi. Ku zauna da dattawan da suka san tarihin wurin, ku gaida sarkin unguwa, sannan ku nemi takardar izini daga Majalisar Ayawaso ta Gabas, wato ƙaramar hukumar da Nima ke ƙarƙashinta, wadda aka kafa a 2018. In babu takarda, kuna gama shara wani zai dasa kwantenarsa.

Sai kwata. Ni dai a ganina ita ce rabin aikin. Ledojin ruwan sha sun toshe ta, ruwan Yuni ya sauko, duk ƙasar da kuka zuba sai ta tafi. Ku yashe ta, ku ɗan karkata filin wajenta.

Darbejiya za ku dasa a gefe-gefe, farkon damina, wajen Afrilu. Tana jure fari. Ku kewaye kowace da waya, don awakinmu ba su da kunya. Benci kuwa na siminti, katako ba ya daɗewa.

Tsakiyar filin kada ku taɓa, ta yara masu ƙwallo ce da rumfar suna ranar Lahadi.