Yadda ake nuna wa abokan sha'awa inda aikin ƙaramin layin dogonka ya kai

Sababbin shiga sha'awar gina ƙaramin layin dogo a gida kusan duk halinsu ɗaya: ba sa bari kowa ya ga aikinsu sai ya yi kyau. Mutum zai rufe kansa a ɗaki wata da watanni, ya shimfiɗa dogo, ya zuba tsakuwa, ya liƙe ta da gam, ya dasa ciyawa, sannan ya ɗauki hoto ya turo yana jiran yabo. Sai wani da ya daɗe a harkar ya duba ya ce, "Malam, kwanar nan ta hagu ta matse, dogon taragonka ba zai wuce ba." Gaskiya ya faɗa, amma gam ya riga ya bushe. Na ga waɗanda suka jingine aikin gaba ɗaya daga wannan ranar. Amfanin nuna aiki shi ne idon wani ya kama maka kuskure tun ana iya gyara shi da hannu, kafin a kai ga kurfi da guduma.

Zan ɗauka ka san yadda ake haɗa dogo da dogo, ka kuma san kunna jirgin. Ba a kan wannan za mu tsaya ba.

Abu na farko, kafin hoto ko ɗaya, ka gabatar da aikin a layi huɗu ko biyar. Ka faɗi ma'aunin da kake aiki da shi. HO ne, wato 1:87, inda aka rage girman komai sau 87, ko OO na mutanen Ingila, 1:76? Su biyun suna tafiya a kan dogo mai faɗin milimita 16.5, shi ya sa daga hoto kawai ba kowa ke iya bambancewa ba. Ko N ne, mai dogon milimita 9? Ka faɗi tsawo da faɗin teburin da santimita. Ka faɗi ko wutar DC ce ta gargajiya ko DCC, inda kowane kan jirgi yake da lambarsa kuma wuta ke kan dogo kullum. Ka faɗi kamfanin da ya yi dogon, Peco ne ko Hornby ko Kato, domin kowanne da irin rigimarsa. Duk wanda ya turo hoto ba tare da waɗannan ba, tambayoyi goma na farko da zai samu a kansu ne, kuma kafin a gama mutane sun gaji sun koma harkarsu.

A nan ne kuma za ka faɗi wane wuri da wane zamani kake kwaikwayo. Yawancin masu wannan sha'awa suna Jamus da Ingila da Amurka da Japan, kuma kayan da ake sayarwa jiragensu ne. Idan tashar Kano kake son ginawa ta zamanin dalar gyaɗa, ka ce haka tun farko, ka kuma ƙara da cewa tsohon layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1067 ne. A ma'aunin HO wannan yana kamawa kusan milimita 12, ba 16.5 ba. Da yawa suna haƙura su yi amfani da na 16.5 saboda shi ne ke samuwa da araha, kuma ba laifi ba ne. Amma ka faɗa da bakinka cewa da saninka ka yi, in ba haka ba duk mako sai wani ya tuna maka. Wanda ya zaɓi layin Abuja zuwa Kaduna ya huta, domin faɗinsa 1435 ne, daidai da dogon HO.

Mataki na biyu shi ne wanda na fi damuwa da shi, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Ka nuna taswirar layin kafin ka buga ƙusa ko ɗaya. Da fensir a takarda mai layi-layi ya wadatar, idan dai ka zana da awo. Mai kwamfuta yana iya amfani da manhajar zana layi irin AnyRail ko SCARM; duka biyu suna barin ka ka gwada kyauta da guntayen dogo kaɗan, XTrackCAD kuwa kyauta ne gaba ɗaya sai dai koyonsa na buƙatar haƙuri. A kan taswirar ka rubuta awon kowace kwana, ka nuna inda bango yake, inda ƙofa take, da inda kai za ka tsaya.

Ga irin abin da gwanaye ke gani a taswira cikin minti biyu, wanda kai ba za ka gani ba sai bayan shekara. Kwanar Hornby mafi matsewa tana da awon milimita 371 daga tsakiyar da'ira, ta biyu 438, kuma manyan kawunan jirgi na zamani da yawa ba sa yarda da abin da bai kai ta biyun ba. Idan ka haɗa kwanar dama kai tsaye da ta hagu ba tare da miƙaƙƙen dogo a tsakani ba, dogayen taragu za su riƙa ture juna daga kan layi. Ana so miƙaƙƙen ya kai tsawon taragonka mafi tsawo. Hawa kuma, santimita 2 a kowace mita shi ne lafiya. Ka lissafa da kanka: don layi ya haye kan wani a HO kana buƙatar ɗagawa kusan santimita 8, wato mita 4 na hawa, sannan wasu 4 na sauka. Sabon shiga zai matse wannan a mita ɗaya da rabi, sannan ya yi mamakin yadda kan jirgi ke murza ƙafa a wuri ɗaya da taragu uku kacal. Akwai kuma layin da ke zagayowa ya dawo kan kansa ta yadda jirgi zai juya fuska. A dogo mai ƙarfe biyu wannan haɗuwar waya ce kai tsaye, sai an yanke dogon an raba wutar. Masu dogo mai layin wuta a tsakiya, irin na kamfanin Märklin, su ne ba ruwansu da wannan.

Sai maganar hannu. Falankin da ake sayarwa mai santimita 244 da 122 shi ne kowa ke fara saye, ya jingina da bango. Hannun mutum ba ya kaiwa fiye da kamar santimita 70 ba tare da ya danne wani abu da ciki ba. Jirgi kuwa, kamar da gangan, a can ƙuryar da hannu ba ya kaiwa yake sauka daga layi. Wanda ya ga taswirarka da bango a jiki, nan take zai gaya maka.

Bayan ka shimfiɗa dogon, kada ka zuba tsakuwa. Ka sake nunawa. Wannan doka ce a wurina, ba shawara ba: ka ɗauki bidiyon jirginka mafi tsawo yana bi ta kowace kwana da kowane wurin sauya layi, gaba da baya, musamman baya, domin tura taragu ya fi jan su tona asirin dogo. Ka kuma durƙusa ka ɗauki hoton ƙarƙashin teburin. Na san babu kyau, wayoyi ne birjik. Amma nan ne za a ga ko ka dogara da ƙananan ƙarafan da ke haɗa dogo da dogo su kai maka wuta, wanda yau za su yi, bayan damina ɗaya su daina. Za a ce maka ka liƙa wa kowane guntun dogo wayarsa da dalma, ka sauke ta zuwa babbar waya a ƙasa. Aikin yini ɗaya ne yanzu. Bayan tsakuwa, aikin mako ne da ɓacin rai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tunda maganar tsakuwa ta zo: ta kamfani tana da tsada idan aka haɗa da kuɗin aikowa daga waje, kuma yashin rafi da aka tankaɗe aka wanke yana yin aikin. Sai dai ka bi ta kansa da maganaɗisu kafin ka zuba, saboda ɓurɓushin ƙarfen da ke cikinsa zai ƙare a injin jirginka. Idan ka yi haka ka nuna wa mutane, irin wannan dabara ta fi hoton sabon kan jirgi a kwali jan hankali. Kowa na iya sayen kaya.

Mataki na uku, ɗaukar hoton kansa. Kuskuren da ake yi shi ne mutum ya tsaya a tsaye ya ɗauka daga sama, sai komai ya fito kamar kayan wasan yara a kan tebur, ga gado da fanka a baya. Hoto ɗaya daga sama ya isa, don a ga tsarin gaba ɗaya. Sauran ka sauko. Mutumin HO tsayinsa kusan santimita 2 ne, kuma daga tsayin idonsa ake son gani. Ka juya wayarka ƙasa a sama yadda kyamarar za ta kusa taɓa teburin, ka jingina ta da wani abu, ka sa mata daƙiƙa uku na jira don kada hannunka ya girgiza ta. Kada ka kunna filasha, tana sa roba ƙyalli. Hasken taga da safe ya fi, ko fitila biyu iri ɗaya daga gefe. Idan ka haɗa farin ƙwai da mai ruwan ɗorawa, rabin tasharka zai fito shuɗi-shuɗi. A bayan wurin ka kafa kwali mai launin sararin sama.

Idan ka matsa kusa sosai za ka ga gaban jirgi ya fito tar, bayansa ya dushe. Ka ja baya kaɗan ka ɗauka, daga baya ka yanke gefen hoton. Akwai masu ɗaukar hotuna da yawa su haɗe su a kwamfuta don komai ya fito sarai, amma wannan na masu aika wa mujalla ne, kai ba ka buƙata tukuna. Abin da kake buƙata shi ne ka duba ƙafafun jirgi duka suna kan dogo kafin ka danna, ka kuma share ƙura da burushi mai laushi. A lokacin hunturu rufin tarago yakan yi fari cikin kwana biyu, kuma kyamara ba ta ɓoye shi.

Ka zaɓi kusurwa ɗaya, ka sa alama a gefen teburin da fensir, duk lokacin da za ka ba da rahoto ka ɗauki hoto ɗaya daga nan. Ci gaba ba ya bayyana idan kullum daga sabon wuri ake kallo.

A bidiyo kuma ka rage gudu, don Allah. Jirgin da ke kilomita 60 a awa, a ma'aunin HO yana cin mita ɗaya a kusan daƙiƙa 5. Ka auna mita a kan teburinka ka ƙirga. Kusan duk sabon shiga yana ninka wannan sau uku. Ka ajiye wayar wuri ɗaya jirgi ya shigo ya wuce, kada ka bi shi da hannu, kuma daƙiƙa 30 sun isa. Mutane da kuɗinsu suke sayen data. In ta WhatsApp za ka tura taswira, ka aika ta a matsayin fayil, domin idan ta tafi a hoto ana matse ta, lambobin da ka rubuta su narke.

Na huɗu, abin da za ka rubuta tare da hotunan. Hoto uku zuwa biyar, ba talatin ba. Ka ce ga abin da na yi, ga abin da na yi amfani da shi, ga inda na maƙale. "Ya kuka gani?" ba tambaya ba ce, amsarta "Masha Allah" ce kawai. Ka ce, "Kan jirgina yana tsayawa a wurin sauya layin nan idan yana tafiya a hankali, na goge dogon, bai daina ba." Wannan za ta jawo maka mutum biyar da suka taɓa fama da abin, ɗaya a ciki zai tambaye ka ko mahaɗar tsakiyar, inda ƙarafan dogo biyu ke gittawa, ta roba ce ko ta ƙarfe, daga nan an kama hanya. Kuma idan an ba ka shawara ka gwada, ka dawo ka faɗi yadda ta kaya. Mai karɓar amsa ya ɓace, karo na gaba shiru zai ji.

Za ka gamu da masu ƙirga tagogi su ce maka wannan taragon bai yi zamani da wancan kan jirgin ba. Ka raba gyara gida biyu. Wanda ya shafi tafiyar jirgi da wuta, ka karɓa ko da an faɗa da gatsali. Wanda ya shafi launi da tarihi, ka yi godiya, ka yi abin da ranka ke so, teburinka ne.

Sau nawa za ka riƙa nunawa? Duk lokacin da wani mataki ya ƙare, ko kuma kafin ka yi abin da ba ya warwaruwa. In wata biyu suka wuce ba ka taɓa komai ba, ba sai ka ba da haƙuri ba. Hotunan ka adana su a wuri ɗaya da kwanan wata, musamman na wayoyi, domin bayan ka rufe da tudu ba za ka tuna inda jar waya ta bi ba. Idan kuma akwai mai irin sha'awarka a garinku, ka kira shi ya zo da nasa kan jirgin ya gwada a dogonka, domin naka ya riga ya saba da gargadar wurin. Wanda ke zaune inda ake taron baje koli yana iya fara da guntun tebur irin na T-TRAK, wanda ake haɗawa da na wasu a ma'aunin N, yana shiga jaka. Ka tafi da kayan goge dogo da ƙarfen dalma, kuma ka gwada komai a daren da za ka tafi.