Ku fara da ruwa kafin sinadari

Jama'a, ga 'yar shawara ga masu duba ƙananan naman kaza da ke tsirowa a jikin mataccen itace. Da ido kaɗai ba a raba su, sai an kai su ƙarƙashin maikiroskof, wato na'urar da ke ƙara girman ƙananan abubuwa.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne ku fara da ruwa zalla tun samfurin yana ɗanye. Ku yanko siririn yanki da sabuwar reza, ku ɗiga ruwa, ku danne da gilashin rufi a hankali. A lokacin ne ake ganin ɗigon mai da ke cikin ƙwayoyin iri, wato ƙwayoyin da naman kaza ke yaɗuwa da su, yadda yake. Da zarar an zuba KOH ko ruwan Melzer, wato sinadaran da ake gwada samfuri da su, sai ƙwayar ta mutu, ɗigon ya haɗe, girmanta ma ya ɗan ragu. Ni dai ban cika yarda da awon da ba a faɗi cikin ruwan da aka yi shi ba.

Bayan nan ku sa Melzer: idan samfurin ya koma baƙin shuɗi alama ce ta gane nau'insa, ja mai ƙasa-ƙasa wata alamar ce dabam.

Ku lura ko ƙwayoyin irin na cikin 'yar jaka, galibi guda 8, ko suna tsaye a kan 'yar sanda, galibi guda 4. Wannan ne ke raba manyan gidaje biyu na naman kaza. Ku auna ƙwayoyi 20 zuwa 30 da maikiroskof a ninki 1000, tsawo da faɗi. Kada ku manta da rubuta irin itacen, don wasu ba sa hawa kowace bishiya.