Yadda Za Ka Gane Sifa 'Yar Aikatau a Latin

Ɗaliban shari'a na Kongo, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sukan haddace *res judicata* da *pendente lite* ba tare da sun leƙa cikinsu ba. Alhali wanda ya taɓa zama a zauren malami cikin birni ya yi nahawu, ya ci rabin aikin. Sifa 'yar aikatau ita ce ismul fa'ili da ismul maf'uli na Larabci, *katib* (mai rubutawa) da *maktub* (abin da aka rubuta), sai dai Latin ta ƙara biyu a kai.

Wutsiyar kalma za ka fara duba. In ka ga *-ns* ko *-nt-*, abin yana kan faruwa. *Pendens* shi ne abin da ke rataye, don haka *pendente lite* na nufin yayin da ƙara ke gaban alƙali, ba a yanke ba.

In kuwa *-tus*, *-ta* ko *-tum* ce, an riga an aikata, irin namu na dafaffe da dafaffiya. Nan nake so ka tsaya da kyau. Sifar tana bin sunanta a jinsi da adadi da i'irabi. *Res* (al'amari) mace ce a Latin, shi ya sa aka ce *judicata* (wadda aka yanke wa hukunci), yadda Bahaushe zai ce dafaffiyar kaza, ba dafaffen kaza ba. Latin tana da jinsi na uku, ba namiji ba mace, shi ne a *obiter dictum* (abin da alƙali ya faɗa a gefen hukunci). Sigar *-tus* ba ta da tsayayyar ƙa'ida, sai ka buɗe ƙamus: yawancin aikatau an jera musu sigogi huɗu, kamar *amo, amare, amavi, amatum*, ta huɗun ita za ta ba ka.

*-turus*, wanda zai yi, da wuya ka gamu da ita a kotu. Wuce.

Sai *-ndus*, abin da ya wajaba a yi. *Memorandum* abin da za a tuna ne, *agenda* abubuwan da za a aikata. *Mutatis mutandis* ta haɗa biyu wuri guda: bayan an sauya abubuwan da ya kamata a sauya.

Ka kiyayi tarko biyu. *Standi* na *locus standi* da *decidendi* na *ratio decidendi* masdari ne, wato sunan aiki, kada *-nd-* ta ruɗe ka. Akwai kuma aikatau masu sigar maf'uli da ma'anar fa'ili: *locutus* wanda ya yi magana ne, ba wanda aka yi wa ba. Irinsu ƙamus sigogi uku kawai yake ba su, ta farko tana ƙarewa da *-r*, kamar *loquor*.