Sabon gola yana shan ƙwallaye: kurakuran da muke yi kafin mu ajiye shi a benci

A gasar azumin da ake bugawa bayan tarawihi, a wani filin haya kusa da Shari' Mansur a Makka, ƙungiyar unguwarmu ta saka sabon gola, yaro ɗan shekara 19. Wasa uku aka zura masa ƙwallo bakwai. A daren na ukun muna shan shayi a bakin fili, dattijon da ke biya mana kuɗin haya ya ce, "Malam, wannan haris ɗin naku ai rariya ne. Nemo wani." Na ce, "Baba Alhaji, ka ba ni wasa biyu tukuna."

Kuskuren da Alhaji ya yi shi ne wanda kusan kowa ke fara yi: ƙirga ƙwallayen da suka shiga a ɗora wa gola duka. A gasar cin kofin duniya ta 2002 Jamus ta ci Saudiyya takwas da nema, Mohammed Al-Deayea ne a raga, kuma har gobe idan ana lissafin gololin ƙasar nan sai an ambace shi a sahun farko. Ƙwallaye ukun da Klose na Jamus ya ci a ranar duk da ka ya sa su, wato mutum ya tashi sama babu mai takura masa. Gyaran ba wuya. Yanzu kowane wasa akwai mai ɗauka da waya. Na karɓi bidiyon na zauna da shi bayan sahur: huɗu daga cikin bakwai ɗin 'yan baya ne suka buɗe hanya har aka zo daga ɗan wasa sai gola, ɗaya fenariti ce, biyu ne kawai nasa, kuma duka biyun daga kwana.

Nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin kuskure iri-iri ne. Akwai wanda atisaye ke warkarwa, akwai wanda ya riga ya zama hali. David de Gea ya zo Manchester United daga Atletico Madrid a 2011 yana ɗan shekara 20, siriri, ana bugo ƙwallo ta sama manyan 'yan wasan Ingila su ture shi kamar kara. Kocinsu Ferguson har ya ɗan ajiye shi ya saka wani gola, Lindegaard, amma bai sayar da shi ba, daga baya sau huɗu ana zaɓensa gwarzon ƙungiyar na shekara. Claudio Bravo kuwa ya zo Manchester City a 2016 yana da shekara 33, ya ga jiya ya ga yau, ba abin da ya rage a koya masa. Kaka ɗaya kocinsu Guardiola ya duba ya kawo Ederson daga Benfica. Masu cewa a yi haƙuri De Gea suke kawowa, masu cewa a canza su kawo Bravo, sai a kwana ana musu, alhali tambayar ita ce: naka ɗin wane ne a ciki? Idan yaro ne, hannunsa na riƙe ƙwallo, yana faɗuwa a kan lokaci, fitowa ce kawai ke ba shi tsoro, to ka ware minti 20 a kowane atisaye ana bugo masa kwana da mutane biyu suna gogarsa da kafaɗa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani abin da ban lura da shi ba sai a bidiyon, yaron bai daɗe da zuwa daga Katsina ba, 'yan bayanmu kuwa haihuwar nan ne, da wasa ya yi zafi sai bakinsu ya koma Larabci. Suna ce masa ya fito, shi yana jin hayaniya kawai. Muka tsayar da kalma biyu, "tawa" da "fitar", kuma gola ne kaɗai zai faɗe su. Na kuma roƙi masu tsayawa bayan raga su daina koyar da shi daga waje. Mutum biyar na ihu, ɗaya na cewa fito ɗaya na cewa tsaya, ko Bounou na Al-Hilal aka ajiye a wurin sai ya rikice.

Kar kuma a riƙa sauya gola yau wannan gobe wancan. Duka biyun za su shiga fili suna tunanin benci. Ka faɗa masa wasa nawa ka ba shi, ka faɗa masa abin da kake son gani.

Masu haƙuri ma suna da nasu laifin, kuma a wajenmu ya fi yawa, saboda gola ɗan wane ne ko ƙanen wane, kunya ta hana a yi magana. An daɗe ana ƙorafi a kan golan Najeriya Francis Uzoho kafin koci Peseiro ya ɗauko Stanley Nwabali daga Chippa United dab da gasar Afirka da aka buga a Kwaddibuwa a farkon 2024, kuma shi ya tare fenariti biyu a wasan kusa da ƙarshe da Afirka ta Kudu. Idan wa'adin ya cika kuskuren bai sauya kama ba, ka kira shi gefe ka gaya masa da bakinka, kada ya tsinci labarin a jerin sunaye na WhatsApp.

Yaronmu ya buga wasa biyun da na roƙa, ƙwallo ɗaya ta shiga, ita ma daga kwana. Alhaji ya ce ai ya faɗa. Bayan salla ya aiko da sabuwar safar hannu, da sharaɗin duk Juma'a da dare a ci gaba da bugo masa kwanar nan.