Ka Auna Ƙafarka Kafin Ka Auna Takalmi

Samu farar takarda ka shimfiɗa a ƙasa, ka taka ta da ƙafa tsirara, a tsaye, nauyinka duka a kanta. Ka sa wani ya zagaye ƙafar da biro. Sai ka ɗauko takalmin da ka fi sawa ka ɗora kan zanen. In ka ga layin biro ya leƙo ta gefen takalmin, musamman wajen ƙaramin yatsa da gindin babban yatsa, to wannan wurin da ya leƙo shi ne naman da kake cusawa ciki da ƙarfi kullum safiya. Duk wanda ya ce min ƙafa na damunsa, da wannan gwajin nake fara masa, kuma da wuya zanen ya ɓuya gaba ɗaya.

Ƙafa guda tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma idan mutum ya taka ƙasa yatsun bajewa suke yi don su riƙe shi. Takalmi mai tsukakken baki yana hana su. Babban yatsa ya karkata wajen 'yan'uwansa, gindinsa ya turo waje ya zama ƙullutu, ƙananan su lanƙwashe, kanta ta fito a bayansu, farce ya shige nama. Akwai gado a wannan ƙullutun, gaskiya ne, amma takalmi na ingiza shi, kuma ƙasusuwan mutanen dā sun ba da shaida. A ƙarni na 14 da na 15 Turawa sun yi yayin wani takalmi mai dogon baki kamar tsinke, har a 1463 Sarki Edward na Huɗu na Ingila ya hana waɗanda ba manyan masu sarauta ba sa mai bakin da ya wuce inci 2. A wani bincike da aka fitar a 2021 kan ƙasusuwan da aka tono a maƙabartun garin Cambridge na Ingila, kashi 6 cikin 100 na waɗanda aka binne tsakanin ƙarni na 11 da na 13 ne ke da ƙullutun. A zamanin yayin kuwa, kashi 27.

Takalman farko-farko ba haka suke ba. Takalmin fata da aka samu a wani kogo a Armeniya a 2008, mai shekara kusan 5,500, fatar saniya ce ƙwaya ɗaya aka naɗe ƙafa da ita, aka ɗaure da tsirkiya gaba da baya. Waɗanda aka tono a kogon Fort Rock a jihar Oregon ta Amurka a 1938 sun ma girme shi, sun haura shekara 9,000, an saƙa su da ɓawon wani tsiro. Ƙafa ce ke ba su siffa. Ni a ganina ma'aunin bai canza ba har yau.

To, ranar saye. Ka je da yamma, don ƙafa na ɗan kumbura bayan yinin tsayuwa da zirga-zirga, kuma wanda ya yi maka cif da safe zai iya cizonka da la'asar. Ka tafi da irin safar da za ka riƙa sawa da shi. Ka gwada ƙafa biyun, domin yawancin mutane ɗaya ta ɗara ɗaya, kuma babbar ake bi. Ka miƙe tsaye ka danna bakin takalmin: tsakanin yatsan da ya fi tsawo da ƙarshen takalmin a samu fili kamar faɗin babban yatsan hannu, santimita ɗaya da ɗoriya. Lura, ba kowa ne babban yatsansa ya fi tsawo ba, wasu na biyun ne. Ka motsa yatsun a ciki, su iya wasa. Ka yi taku goma sha: dunduniya kada ta riƙa ficewa, kada kuma bayan takalmin ya riƙa gugar agara, nan bororo ke farawa.

Lambar da ke jiki kada ta ruɗe ka. 42 na wannan kamfani ba lallai ya zama 42 na wancan ba, kuma lamba tsawo take faɗa, ba ruwanta da faɗi. Shi ya sa ma'aunin ƙarfen da Charles Brannock ya ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1920 yake auna duka biyun. Ƙafar babban mutum ma tana ƙara faɗi da shekaru, da ƙiba, da goyon ciki. Lambar da ka haddace tun kana saurayi ta yiwu ta daina zama taka.

Sai kuma maganar nan ta "saka kawai, zai buɗe". Fata ta gaske takan ɗan saki ta gefe, amma babu takalmin da ke ƙara tsawo, roba kuwa ba ta san wannan zance ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ya matse ka a wurin gwaji, ajiye shi.

Kafin ka biya, ka kama shi da hannu biyu ka lanƙwasa. Ya kamata ya karye a gindin yatsu, inda ƙafa ke lanƙwasawa. In ya naɗe a tsakiya kamar tsumma, ba zai tallafe ka a doguwar tafiya ba.

Takalmi mai tsinin dunduniya, abin mamaki, da maza ya fara. Mahaya dawakin Farisa ne ke sa mai tudun dunduniya don ƙafa ta zauna daram a likkafa, daga baya fadawan Turai suka ɗauka, har Sarki Louis na 14 na Faransa ya yi suna da jan dunduniya. Don hawa aka yi shi, ba don tafiya ba. Yana tura nauyin jiki kan gaban ƙafa, kuma wadda ta shekara da shekaru a kansa naman sha-raɓarta kan gajarce, har ta ji ciwo in ta sa mai lebur. 'Yar'uwa, ban ce ki zubar ba. Ki bar dogon don zaman sa'a biyu ko uku, na yau da kullum ya zama gajere mai faɗin gindi. Silifas ma yana da nasa laifin: yatsu ne ke damƙe shi a kowane taku don kada ya fice, don haka wajen tafiya mai nisa gara mai maɗauri a baya.

Tsohon takalminka ka juya shi ka duba ƙasansa. Ɗan cinyewa ta wajen dunduniya ba komai ba ne. Amma in ka ajiye shi a kan tebur ka ga ya jirkice gefe guda, to haka yake jirkita idon sawunka da gwiwarka, ya gama aiki ko da samansa na ƙyalli. Kambas na gudu akan canza shi bayan kilomita 500 zuwa 800. Sau-ciki kuma kada a maimaita shi kwana biyu a jere in da hali, a bar shi ya sha iska, don gumi da danshi ne ke kawo wari da cin-ruwa tsakanin yatsu.

Mai ciwon suga nasa ya fi na kowa tsanani, domin jijiyoyin ƙafarsa kan daina jin zafi, tsakuwa ta yini a ciki bai sani ba sai gyambo ya buɗe. Ya zura hannu ya laluba cikin takalmi kafin ya sa, sabo kuma ya fara da sa'a ɗaya ko biyu ya cire ya duba ƙafar. Ja ko ƙujewar da ba ta warke ba, sai likita. Yaro shi ma ba ya faɗa, wasa ya ɗauke masa hankali, ga ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba. Duk bayan wata biyu ko uku a tsayar da shi a danna bakin takalminsa, kuma kada a ba shi na yayansa da ya riga ya ci gefe.