Yadda ake gane asalin zanen hannu na tsofaffin labaran mata masu kokawa, da yadda ake adana shi

Tun ƙarshen shekarun 1940, wani ɗan kasuwa a New York mai suna Irving Klaw yake sayar da hotuna da 'yan littattafan zane ta gidan waya. Cikinsu akwai labaran mata suna kokawa da dambe, kayan manya ne waɗanda ba a baje su a gaban kanti. Gwanin masu zana wa Klaw waɗannan labarai shi ne Eric Stanton, haifaffen Brooklyn a 1926, wanda ya rasu a 1999. Tare da shi akwai Gene Bilbrew, baƙar fatan Amurka. Yau takardun da suka zana da hannunsu sun zama kayan gwanjo, kuma duk inda kuɗi suka shiga, jabu na biye da su. Abin da ya ja ni ga aikinsu shi ne hannun: yadda layi guda na buroshi zai nuna maka ƙafar da nauyin jiki ya koma kanta. Wannan ba ya fitowa sosai sai a kan takardar asali.

Fara da girman takardar da kaurinta. Masu zanen wancan zamani suna aiki a kan farar takarda mai kauri kamar kwali, wadda ake kira Bristol, kuma suna zana shafin ya fi wanda za a buga girma, domin idan an rage shi a maɗaba'a layukan su tsuke su yi kyau. Saboda haka idan aka miƙo maka takarda mai laushi, girmanta daidai da ɗan littafin da aka buga, ka fara zargi tun daga nan.

Sai ka kai ta bakin taga da hantsi, ka karkata ta yadda haske zai zo mata ta gefe. A nan ne aikin yake, kada ka yi gaggawa. Baƙar tawadar zane tana zama a kan takarda ne, tana da ɗan ƙyalli, wani wuri ta yi kauri wani wuri ta yi shara-shara. Inda aka cike gashin mace da baƙi, za ka ga sawun buroshi yana bin juna. Inda aka yi amfani da bakin alƙalami na ƙarfe, wani lokaci ya ɗan ƙarce takardar. Ƙarƙashin tawadar ka nemi ragowar fensir da ba a goge sarai ba, ko shuɗin fensir mai haske wanda na'urar ɗaukar hoto ta maɗaba'a ba ta kamawa. Ka nemi farin fenti da aka ɗiga don rufe kuskure, yakan yi tudu kamar busasshen kunu, har ya tsage idan ya tsufa. Hannun da aka fara zanawa a sama sannan aka goge aka sauke shi ƙasa, wannan ita ce shaidar da na fi amincewa da ita. Mai kwaikwayo yana kwafar abin da aka gama ne, ba ya kwafar shakkar mai zane.

Mataki na gaba, ɗauko gilashin ƙara girma, irin na masu gyaran agogo, mai ninka abu sau 10. Abin da inji ya buga baƙinsa shimfiɗe yake bai ɗaya, launukansa kuma sun kasu ƙananan ɗigo-ɗigo. Amma a kula: masu zane ma suna manna wata siririyar leda mai ɗigo, Zip-A-Tone, don yin inuwa. Bambancin shi ne ita tana da gefe da aka yanka da reza, za ka ga bakinta, kuma sau da yawa ta yi ruwan ɗorawa ko ta fara ɗagowa. Haka rubutun da aka manna da gam, yakan bar tabo ruwan ƙasa. Waɗannan tabon ba aibu ba ne, kada ka bari dillali ya “tsabtace” maka su.

Na taɓa sayen wani shafi ta intanet, na yi murna, sai da ya iso na shafa yatsa a gefensa na ji sulɓi kamar hoton situdiyo. Kwafin hoto ne na maɗaba'a, tsoho ne ƙwarai, amma babu ɗigon tawada ko ɗaya a kansa. Tun daga ranar ba na biyan kuɗi sai an turo mini hoton bayan takardar da wanda aka ɗauka da haske ta gefe.

Juya takardar ka karanta bayanta da gefunanta: lambar shafi, umarni ga mai bugawa, hatimi, kwanan wata.

Yanzu sai batun wa ya zana, kuma shi ne mafi wuya. Zamanin tsoro ne. A 1954 majalisar dattawan Amurka ta yi zaman sauraron bahasi kan labaran zane, a shekarar masu buga su suka kafa hukumar tace kansu, kuma a 1955 kwamitin Sanata Estes Kefauver ya kira Klaw. Don haka masu zane da yawa suka ɓoye sunayensu ko suka ari wasu. Bilbrew yakan sa hannu da Eneg, wato Gene ne aka juya. Ke nan rashin sa hannu ba ya nufin jabu, sa hannu kuma shi kaɗai ba hujja ba ne, don shi ne abu mafi sauƙin ƙarawa. Abin yi shi ne ka samo bugaggen shafin ka ajiye kusa da naka, ka bi su layi-layi. Sannan ka duba wuraren da mai zane ba ya tunani a kansu: yatsu, kunne, dugadugan takalmi, naɗewar tufa a gwiwa. Wani abu da ke rikita lissafi shi ne Stanton ya yi kusan shekara 10, daga 1958, yana zaune ɗakin aiki guda a Manhattan da Steve Ditko, wanda ya fara zana Spider-Man, kuma masu nazari na ganin tawadar Ditko a wasu shafukan Stanton. Dillalai sun san darajar sunan Ditko. Idan aka ambace shi don a ɗaga farashi, ka nemi tarihin takardar: daga hannun wa ta fito, a wane gwanjo ta bi.

Idan ta zama taka, wanke hannu ka busar kafin ka taɓa ta, ka riƙe ta da hannu biyu. Kada salatif ya kusance ta, kuma kada ka kai ta a like ta da leda mai zafi kamar takardar shaidar makaranta, wannan ba ya warwaruwa. Saka ta cikin jakar Mylar, wato leda garai-garai ta adana takardu, da kwalin da ba shi da asid a bayanta, ka kwantar da ita a akwati, kada ka naɗe. Takarda tana son sanyi kusa da digiri 20 da danshi tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Mu a nan ƙasar Hausa yanayinmu yana wasa da ita ta fuska biyu: hunturu ya busar da ita har farin fentin ya ɓare, damina ta kawo fumfuna. Saboda haka akwatin ya zauna a ɗaki na ciki, nesa da bangon da ke jiƙewa, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, a jefa 'yan ƙullin garin nan mai tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, a riƙa sauya su. In kana son rataye ta, rataye kwafi, don rana tana cin takarda. Kuma tunda zanen na manya ne, akwatin ya kasance mai kwaɗo, makullin yana hannunka.