Shawara ga masu riƙe lissafin ƙungiya

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ma'aji da sakatare na ƙungiyoyin unguwa da na tsofaffin ɗalibai.

Kada ku ajiye lissafin ƙungiya a imel ɗin ma'aji na ƙashin kansa. Ranar da ya sauka, ko aka samu saɓani, sai an yi ta bin sa da roƙo. Ku buɗe Gmail da sunan ƙungiya. Ku ajiye lissafin a Google Drive, ma'ajiyar fayil ta intanet da ke zuwa tare da Gmail ɗin, wadda ke ba da wurin ajiya na 15GB kyauta. Mutum biyu su san kalmar sirri, sauran shugabanni a ba su damar dubawa kawai, ban da gyara.

Duk rasit a ɗauki hotonsa ranar da aka karɓa, don rubutun takardar POS kan goge, ta koma fari fat. Sunan fayil ya fara da shekara da wata, misali 2025-03 kuɗin wata.

Tura hoto a WhatsApp ba ajiya ba ce. Duk ƙarshen wata a sauke kwafi a filash, littafin hannu kuma a ci gaba da shi. Ku riƙa leƙa asusun Gmail ɗin, domin Google na iya goge wanda ya shekara 2 ba a shiga ba.